Rijiyarmu ta Rufta da Baba Ɗanladi

Daren Laraba, Ƙafin Maiyaki

Da hantsi Baba Ɗanladi ya shiga yashe mana rijiya, sai gefe ɗaya ya rufta, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Muna jin muryarsa can ƙasa yana salati. Na ɗaura igiya a ƙugu zan sauka, matata Hadiza ta riƙe min riga tana kuka, ta ce ta riga ta kira 'yan kwana-kwana, in yi wa Allah in jira.

Da suka iso, shugabansu, wani siriri mai furfura, ko sallama bai tsaya yi ba. "Kowa ya ja baya! Nauyinku ne ke ƙara zubo masa ƙasa." Har ni mai gida ya kora. Allah ya sani na ji haushi.

Shi da kansa ya sauka. Ya ƙi karɓar shebur don kada ya sari tsohon, da hannu ya riƙa tono yana cika guga ana ja. Muna jiyo shi yana cewa, "Baba, 'ya'yanka nawa? Faɗa min sunayensu." Ashe don kada ya suma ne.

Sai la'asar suka fito da shi, da ransa, ƙafa ɗaya ce ta karye. Faratan shugaban nan nasu duk jini. Na kama hannunsa zan yi masa godiya. Shi ya riga ni: "Alhaji, a rufe bakin rijiyar nan yau, akwai yara." Sannan ya nemi buta, wai azahar ta wuce shi.