Famwaya da Faifan Suna

Yankara,
Ƙaramar Hukumar Faskari.

Zuwa ga Yaya Abdulgafar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Amatullah da jaririyarmu. Allah ya raya ta bisa tafarkin addini, ya sa karatun da ya kai ka Malesiya ya ƙare lafiya, amin. Mu nan kowa lafiya lau. Damina ta yi albarka, masara ta shigo gida, dawa ce ta rage a gona. Maigidana Sha'ibu ya warke daga ciwon ƙafar nan, har ya koma hawan babur kamar ba shi ba.

Yaya, gyara zama, don yau bakina cike yake da labari. Faifan bikin sunan da ka aiko ya iso, kuma mun gan ku! Amma kafin mu gan ku ɗin, ba ƙaramar gwagwarmaya aka sha ba. Ka san yanar da ke idon mahaifiyarmu Dada ƙaruwa take yi. Yanzu in mutum ya tsaya bakin ƙofa, sai ya yi magana take gane shi. Muryarka tana jin ta a waya, amma rabonta da fuskarka tun tafiyarka, ga kuma jaririyar nan takwararta da ba ta taɓa gani ba. Shi ya sa ranar da faifan ya zo ban ko jira ba, na aro dibidin maƙwabta muka haɗa da talabijin ɗinmu. Sai ga muryoyinku raɗau, ga kukan jaririya, amma allon baƙi ƙirin. Dada ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe a haka, sannan ta tambaye ni a hankali wai mu muna gani, ita ce ba ta gani? Na rantse mata laifin na'ura ne, ta ce to, amma na ga ba ta yarda ba. A nan na ƙudura sai ta kalli faifan nan tun idon yana aiki.

Ranar kasuwar Kankara muka tafi ni da Sha'ibu, Baba Mani ƙanen mahaifinmu ya biyo mu don ya zo daga Damari zai sayi igiyar shanu. Na ƙulle faifan a gefen zane, domin an ce gani ya kori ji, ba zan sayi abin da ban gwada ba. Muka shiga shagon wani Malam Maharazu, mai sayarwa da gyaran kayan kallo. Sha'ibu yana shiga idonsa ya faɗa kan wata na'urar dibidi mai fitilu ja da kore, har da abin magana na waƙa, ya kafe wai ita za mu ɗauka. Na ce masa ba gidan biki za mu buɗe ba. Aka saka faifanka, ko sunansa ba ta karanta ba, ta yi gurnani ta tofo shi waje. Kunya ta ishe shi, ya koma gefe yana duba batir. Wata babba kuwa tana karɓa ta nuna ka tsaf, har na yi ihu a shagon mutane, amma da aka faɗi kuɗinta sai na mayar da ihuna ciki, tunda ba mu kai hatsi kasuwa ba tukuna.

Malam Maharazu ya yi mana bayani cewa faifanka ba irin na fim ɗin kasuwa ba ne, a kwamfuta ka zuba shi, kuma ba kowace na'ura ce ta san irin wannan zubi ba. Ya nuna min 'yan tambura a jikin kwali, ya ce su ake dubawa, ba yawan fitila ba. Sannan ya jawo wata 'yar siririya mai araha, mai ramin saka filashi a gaba. Ita ma murya ta ba mu babu hoto. Ya ce wannan ƙirar ya san ta, kayan cikinta za su iya, famwaya ɗinta ce tsohuwa, wato karatun da kamfani ya zuba mata take aiki da shi, kuma yana da sabuwar a kwamfutarsa. Muna cikin wannan magana muka nemi Baba Mani muka rasa. Can sai ga shi yana haki, da naɗin wayar lantarki a kafaɗa! Ashe shi “wayar fam” ya ji. Ka san shi har gobe da fam, tsohon kuɗin nan, yake lissafi. Ya dire ta a kan tebur yana faɗa, wai a ce wayar fam guda ce za ta hana matar yayansa ganin jikarta, yana raye? Har ya yi wa mai wayar tsiya don ya ce masa fam ya daɗe da mutuwa. Mutanen shago suka yi ta dariya, ni kam har da hawaye. Da aka fahimtar da shi, ya ce ai duk waya waya ce, ba zai mayar ba.

Kafin a fara, Malam Maharazu ya kifa na'urar ya karanta lambar da ke ƙarƙashinta, ya gwada da ta kwamfuta harafi bayan harafi. Ya ce in aka zuba mata ta wata ƙirar, ko da kamanninsu ɗaya, ta mutu ke nan. Haka in wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa. Kuma irinta ita kaɗai ta rage masa. Ka ga janaretan shagon kuwa, tari yake kamar tsohon mai asma. Baba Mani ya ce a bar masa wannan, ya fita ya tsaya a kansa yana korar awaki da wayarsa. Aka saka filashin famwayar, wasu lambobi suka fara hawa a allo, ni kuwa babu addu'ar da ban karanto ba. Sai allon ya yi ɗif. Na dafe ƙirji na ce shi ke nan, Sha'ibu ya ce in yi shiru. Jim kaɗan ta kunna kanta, aka mayar da faifanka, sai ga ka da farar shadda kana dariya, ka rungume jaririya. Yaya, na manta a kasuwa nake, guɗa na rangaɗa! Nan take muka biya muka ɗauko ta.

Washegari da hantsi muka tayar da injin gida, ɗakin Dada ya cika har tsakar gida. Aka yi ta shewa, ana cewa yarinya ta ɗebo goshinka, wasu na cewa hancin uwarta ne. Dada ta matso ta kalli takwararta da kyau, ta ce alhamdulillahi, ashe idon da saura. Amma da hoto ya juyo kanka, sai ta kawar da kai ta jawo faranti ta hau tsintar wake. Ka san ta da kunyar ɗan fari: sunanka ma ba ta taɓa kamawa ba, balle a gan ta tana kallonka cikin mutane. Matan suka tsokane ta, ta ce ita takwararta ta zo gani, ba ruwanta da wani ƙato. Raina ya ɗan sosu, na ce duk wahalar nan a kan wake za ta ƙare.

Da aka watse zan kashe inji, sai ta ce in dakata. Ta tambaye ni wai a jikin rimot ɗin nan, wane ne ke tsayar da mutum wuri ɗaya. Na ɗora yatsanta a kai. Ta sa na mayar da faifan baya, daidai inda ka ɗago kai kana kallonmu, ta danna da kanta. Ta jawo tabarma gaban talabijin ta zauna, ta yi ta kallonka. Can ta ce yaron nan ya fara furfura a gemu, kuma ba a gabanta ta fito ba. Sai ta juya rimot ɗin a hannunta, ta ce da tana da irin wannan ranar da mota ta ɗauke ka a bakin titi, da ta danna. Na fita na ba ta wuri, don kuka ya zo mini. Ba ta tashi ba sai da man inji ya ƙare. Yaya, ita ba za ta taɓa faɗa maka ba, ni ce nake faɗa: in da hali, ka zo da babbar salla, tun tana iya ganinka.

Ka gaida Anti Amatullah da kyau, ka shafa min kan 'yar Dada. Sha'ibu yana gaishe ka, haka Yaya Zulaihatu da yaranta daga Damari, da Baba Mani. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Suwaibatu.