Zanen Fensirinka a Jikin Durowar Dama

Aikin farko yau: wasa bakin filen.

Zuwa ga Yayana Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin hutun da aka yi wa masu bi alkawari. Mu nan Kontagora muna nan yadda ka bar mu. Damina ta zauna. Matarka Hannatu ta koma suyar awara a ƙofar gida. Auren 'yarka Rahila ranar Asabar ne, ba a ɗaga ba, tunda kai ka sa ranar da bakinka kafin ciwon ya kwantar da kai.

Na rubuto ne game da teburin tsakar falo da ka fara yi mata.

A warwatse na same shi a shagonka. Ƙafafu huɗu a jingine da bango, saman a kife kan benci, siraran sandunan gefe a ɗaure da igiyar roba, durowa biyu a ƙasa. Irin tsarin mishan ne, wanda Baba ya koyo yana saurayi ya koya maka: komai miƙaƙƙe, babu sassaƙar ado, babu ƙusa ko ɗaya. A fafe rami a jikin ƙafa, a fere harshe a bakin katako, su shiga juna su riƙe. Ka ce 'yan yanzu gilashi suke so da ƙyalƙyali, amma taka 'yar za ta tafi da abin da jikokinta za su hau su yi tsalle.

Katakon kuwa ka san shi. Maɗacin nan ne da iska ta kayar a gonarmu ta Salka, wanda ka yanka ka jera a rufin shago shekara da shekaru ya bushe. Na duba ko'ina, babu saura. Abin da ka yanka shi ke nan.

Ni mai sayar da taki ne da maganin feshi. Rabona da riƙe filen, abin fere katakon nan, tun muna yara a gaban Baba. Ka sha faɗa a gaban mutane cewa, “Iliya zai auna katako har rana ta faɗi, sannan ya je ya tambayi maƙwabci ko ya auna daidai.” Ban taɓa musu ba. Na so in kai wa wani kafinta ya ƙarasa, Hannatu ta ce a'a, hannun gida ne ya fara.

To, na haɗa. Kowane harshe ya shiga raminsa, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ɗora shi a ƙasa na danna kowace kusurwa, bai yi rawa ba. Wannan aikinka ne, ni turawa kawai na yi.

Durowar hagu ka gama ta. Tana shiga sumul, in ta kusa rufewa har wani ɗan numfashi take yi. Ta dama ce ba ka gama ba. Ta shiga rabi ta cije.

Da na zaro ta sai na ga dalili. Ka bi gefenta da fensir, zanen nan naka na karkace, sama da ƙasa, daga baki har ƙarshe. Haka kake yi kullum kafin ka fere. Kakan ce, “Fensir ne ke tona inda filen bai taɓa ba. In zane ya ƙare, aiki ya ƙare.” Ina jin a ranar ne ka zana, ka ajiye, ka ce wa Malam Shu'aibu mai faci kanka na sarawa, za ka je gida ka dawo.

Na san abin da ya kamata in yi. Ban yi ba.

Na goga mata kyandir. Na goga sabulu. Na fitar da ita rana ko za ta tsuke, hadari ya taso na kwashe da gudu. Malam Shu'aibu yana kallona daga cikin tayoyinsa, ya ce, “Iliya, yau kuma durowa ake shanyawa kamar kuɓewa? In ta bushe a sam mini na miya.” Na yi dariya don na ga wurin dariya ne. Washegari ya kawo mini dutsen washi ya ajiye a bakin ƙofa.

Yaya, ban yi kuka ba tun da ka tafi. Ranar jana'iza ni na jera bencuna, ni na tare masu zuwa daga Salka na nuna musu wurin zama. Mutane suna cewa na yi ƙarfin hali. Ba ƙarfin hali ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai ce, ina taka ta, ba na jin ƙasa. Ina ci, ina buɗe shago, ina auna wa manoma taki. Sai dai in na ɗauki filen na ɗora a kan zanen nan, hannuna ya tsaya.

Jiya Rahila ta zo ganin teburinta. Ta shafa samansa, ta ƙirga sandunan gefe da yatsa kamar yarinya. Ta ja durowar dama, ta ƙi fitowa. Ta sa hannu biyu. Ta ce, “Baba Ƙarami, wannan ai ta hana ɓarawo, ta hana mai gida.” Da muka samu ta fito, ta ga zanen. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “A bar ta haka in kana so. Ɗayar ta ishe ni.”

Ba don kanta ta faɗa ba, don ni ne. Na ga yarinyar da ubanta ya rasu tana lallashin ƙato ɗan shekara arba'in, tana shirin tafiya gidan miji da abin da ba ya buɗuwa, ta riƙa yi wa baƙi bayani. Kai da ba ka taɓa barin ƙofar kabad mai ƙara ta fita daga shagonka ba.

Shi ya sa yau na wasa filen.

Na ɗaure durowar a benci. Jan farko ya ɗauke zanen a wuraren da suka yi tudu, ya bar sauran. Na tsaya na gwada, ta cije. Na sake ja. Ina tsoron in wuce gona da iri, don in na rage fiye da kima babu katakon da zan maye gurbinta da shi. A hankali zanen ya yi ta raguwa, har ya rage ɗan tabo can wajen ƙarshe, kamar faɗin babban yatsa. Na tsaya a kansa. Na sha ruwa. Na dawo na ja.

Ta shiga, Yaya. Har numfashin ta yi, irin na 'yar'uwarta. Ina zargin na ɗan zarce, wataƙila da rani in katako ya tsuke ta yi ɗan motsi. Da kana nan da ka gane da jan farko, da kuma na sha tsiya.

Na jira in ji wani abu. Ban ji ba. Na wanke hannu, na ci abincin da Hannatu ta aiko.

Ubangiji ya ba ka hutu na gaske, ya riƙe Hannatu da yara, ya zaunar da Rahila lafiya a ɗakinta. Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Ka gaida Baba, ka ce masa ba a sa ƙusa ba.

Ƙaninka,
Iliya

Na gobe:
- A bi saman teburin da samfefa mai laushi.
- A ɗaura mariƙan durowa.
- A shafa mai, in rana ta fito.
- A yi wa mai a-kori-kura magana, a nemi tsohon bargo don kada kusurwa ta goge.
- Shara. Ɓawon katakon yana nan ƙarƙashin benci, da baƙin fensir a gefensa. Hannatu ta ce a kai mata don hura wuta. Ban kai mata ba tukuna.