Jikanka Ba Shi da Tsaga

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba. Ko da kana raye ma, da miƙo mini ita za ka yi ka ce ɗan boko ya karanta maka, tunda kai da ajami kaɗai kuke shiri. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. Geron bana ya yi kyau, gyaɗa ce dai ta yi mana gardama don ruwa ya ɗauke da wuri. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, kuma har yanzu idan ta dama fura takan ɗauko kwanonka kafin ta tuna. Zabirarka tana kafaɗata. Samari sun koma shagon mai injin aski a bakin titin Ɗanbatta, inda ake yi musu wani aski kamar ɓera ya ci rabin kai, amma tsofaffin abokanka ba su daina zuwa gindin darbejiya ba. Kowannensu sai ya gaya mini hannuna bai kai naka laushi ba, sannan ya cire hula ya miƙo kan.

Babban labarin shi ne matata Rabi ta sauka. Namiji ne. Sunanka aka raɗa masa, muna kiransa Abba. Sai dai ba shi da tsagar gidanmu a kumatu, ba a kuma cire masa beli ba, kuma ni ne na hana. Kada ka ɗaure fuska tukuna, ka bari in gaya maka yadda aka yi.

Bara bayan girbi wasu ma'aikatan lafiya suka zo daga birni. Bincike suke yi a kan cutar sikila, wadda muke cewa amosanin jini, wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin aikin. So suke a gwada jinin jarirai tun suna ɗanyu, a gane masu cutar kafin ta kwantar da su, a riƙa duba su ana ba su magani kyauta, a ga abin da ya fi taimaka musu. Da farko sun kafa tebur a ƙaramin asibitin gari suna jiran a kawo jarirai. Ka dai san mutanenmu. Wace mai jego ce za ta fito da ɗanyen goyo kafin arba'in? Suka yi ta zama suna korar ƙuda. Ga kuma raɗe-raɗin cewa sayar da jinin za su yi, kamar ɗigo ɗaya zai sayi ko ƙullin gishiri. Daga ƙarshe shugabarsu, wata nas mai suna Malama Asabe, ta tambayi mai gari wane ne yake ganin kowane jariri ba a hana shi shiga. Ya ce mata ungozoma da wanzami. Haka aka tara mu.

Sun koya mana mu sa safar hannu, mu buɗe sabuwar allura ga kowane yaro, mu ɗan soki dunduniya, mu ɗiga jinin a kan tsinken gwaji mu jira layuka su fito. Wani ɗigon kuma a aika birni a tabbatar. Ba a taɓa yaro sai iyayensa sun ji bayani sun yarda. Ƙaninka Baffa Iro ya zo ranar farko, ya ci shinkafarsu ya suɗe hannu, bai sake dawowa ba. A cewarsa wanzamin da zai tsaya a kan ɗigo ɗaya ya zubar da mutuncin sana'a.

Ni na zauna, Baba, kuma Saude ce ta zaunar da ni. Da Malama Asabe ta fara lissafa alamomin cutar, ban ƙara ganin ɗakin da muke ciki ba. Ƙanwata nake gani. Kumburin yatsu tun tana rarrafe. Idanun nan da suke komawa rawaya. Kukan ƙashi duk lokacin da ruwa ya sauka aka yi sanyi. Ka tuna yadda kake ɗora ta a cinya kana kafa mata ƙaramin ƙahon nan a ƙwauri, kana yi mata waƙar banza don ta yi dariya? Ka tuna yadda kake goya ta a keke zuwa kasuwa don ta zaɓi ɗankunne da kanta? Mata suna ƙus-ƙus cewa 'yar wabi ce, ba zama ta zo yi ba. Kai kuwa kana cewa mugun jini ne, kuma sai ka tsotse shi tas.

Ba zan ɓoye maka ba, an gaya mana cewa mai wannan cuta jini ne yake yi masa ƙaranci, ƙaho ba ya yi masa amfani. Da na ji haka sai na sunkuyar da kai. Amma an kuma gaya mana cewa da ita ake haihuwar yaro, rabi daga uba rabi daga uwa, su kansu ba su san suna ɗauke da ita ba. Ba maita ba ce, ba sammu ba, ba kuma hannunka ba ne. Wannan nake so ka ji. Bayan rasuwarka na tarar da ƙaramin ƙahon a ƙasan zabira, a naɗe cikin ɗankwalinta. Sai a ranar na lura cewa tun da aka binne ta ban ƙara ganin ka kafa wa yaro ƙaho ba. Duk shekarun nan kana ɗauke da wannan a kafaɗa kai kaɗai? Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?

Mu ma an gwada mu. Aka ce ina ɗauke da rabin. A lokacin Rabi tana da ciki, na kai ta, ita ma haka. Ban yi mamaki ba, 'yar Gwaggo ce, jininmu ɗaya. Kada ka ce za ka yi nadamar haɗa mu. Ba ka taɓa yi mini alherin da ya kai wannan ba, ko da yake har gobe tana cika wa miya yaji. Malama Asabe ta ce yaron zai iya zuwa da cutar, zai iya kuɓuta, ba mai sani sai an haife shi. Muka ci gaba da addu'a muna jira.

Ranar suna, bayan an yi fatiha an raba goro, Baffa Iro ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera askarsa da ƙarfen beli. Ka san al'ada. Ɗan fari ne, ni uba ba ni da bakin magana. Kamata ya yi in ɓace, in nuna kamar ban san an yi haihuwa a gidan ba, kamar yadda Inna ta ce kai ka gudu gona ranar sunana. Na yi niyyar yin gwajin tun kafin ranar, amma tsoro ya riƙe mini hannu. Jariran mutane na soka ba adadi, nawa na kasa. Sai da na ga ungozoma ta miƙa wa Baffa shi, sannan ƙafafuna suka kai ni.

Na durƙusa a gaban ƙaninka, a gaban gwaggonni da maƙwabta, na roƙe shi ya ɗan dakata. Na ɗauki ɗana da hannuna. Wata tsohuwa ta fara salati don ganin rashin kunya. Na soki 'yar dunduniyarsa, ya tsala ihu, na ɗiga jinin na jira. Layukan suka fito yadda aka koya mana, irin waɗanda na yi ta roƙon Allah kada in gani.

Baba, jikanka yana da ciwon Saude.

An koya mana cewa cire beli ba ya ƙarar kowane jariri da komai, ga mai sikila kuwa zubar jini ko ruɓewar rauni, na beli ne ko na tsaga, kasada ce babba. Na gaya wa Baffa haka. Ya fusata, ya tambaye ni ta yaya za a gane ɗan gidan wanzamai ba tsaga, kuma wa ya taɓa jin uba ya tsoma baki a kan ɗan fari. Zabirarka kawai na buɗe, na fito da ƙaramin ƙahon cikin ɗankwalin Saude na ajiye a kan tabarma. Ya daɗe yana kallonsa. Ashe shi ya riƙe mata ƙafafu sau da yawa kana kafawa. Ya mayar da ƙarfen beli cikin jakarsa, ya miƙo hannu na ba shi askarka. Ya aske kan yaron a hankali, yana yi yana share ido da gefen rawani, yana cewa hayaƙin murhu ne.

Daga birni sun tabbatar da abin da na gani. Yanzu Abba yana cikin yaran da suke bi. Mukan hau mota mu kai shi, a auna shi, a ɗibi ɗan jini, a ba shi maganin kariya, kuma yana kwana cikin gidan sauro. Sun koya wa Rabi yadda za ta taɓa cikinsa ta gane idan saifa ta kumbura, da cewa zazzaɓi kaɗan ba a kwana da shi a gida. Ba su yi mana alkawarin warkewa ba, na kuma ji daɗin da ba su yi mana ƙarya ba. Ina jin tsoro, Baba. Duk lokacin da hadari ya haɗu nakan duba yatsunsa. Amma Saude ta yi ta fama ba wanda ya san sunan abin da yake cin ta, shi kuwa an san nasa tun yana kwana bakwai.

Kunyar ɗan fari kuma ta riga ta zube, ban tsaya kwashe ta ba. Ina ɗaukarsa a kafaɗa har gindin darbejiya, abokanka suna yi mini tsiya. Kai ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai kai wannan, ko ɗan boko. Amma na san wanda yake ajiye mini tsire a aljihun zabira ranar kasuwa ya ce wai mantawa ya yi da shi. Ban taɓa yi maka godiya ba, ban kuma taɓa ce maka ina ƙaunarka ba, don ba a faɗa. To ga shi na faɗa.

Ka yafe mini tsagar. Tabon da ke jikinsa ɗaya ne tak, a dunduniya, shi ma ya ɓace. Idan mutane suna son gane ɗan gidan wane ne, su jira ya girma su ga zabirar da ke kafaɗarsa. Abin da nake nema ke nan, ya kai ranar.

Ka gaishe mini da Saude. Ka ce mata mun gano sunan ciwonta, kuma ɗankwalinta yana ƙarƙashin matashin Abba.

Allah Ya jiƙanku, Ya sada mu da alheri.

Ɗanka na fari, wanda ba ka taɓa kiran sunansa ba,
Auwalu