Ki Bar Ta Ta Ce Miki Mama

Boston, Fabrairu 1893

Yaya Honora,

Ina gaishe ki da kyau. Ya Baba da ƙafar tasa? Dankalin bana ya yi kuwa?

Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da tururin gidan wanki ya sa min. Mai gidan wankin ya sallame ni daga aiki ran Talata, wai kada in ɓata zannuwan mutane da jini. Hutu na samu. Kada Baba ya ji.

Kin rubuto cewa 'yata Sorcha ta fara ce miki Mama, kina ta tsawata mata. Kwana biyu na yi ina kuka. Amma yanzu ki bar ta, Yaya. Kada ki ƙara gyara mata.

Ubangiji ya raya miki ita.

Ƙanwarki,
Gobnait