Kilo Hamsin da Ɗaya, Hannun Dama

Jalcomulco, 6 ga Yuli

Kawu Fulgencio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwarka mai ciwo da karnukan shago. Mama tana gaishe ka.

Kawu, Talatar da ta wuce ta raba rayuwata gida biyu. Kada ka yi dariya, na san za ka ce littattafan soyayya ne suka cika mini kai. Mun fita ni da Rutilio duba tarkunan jatan lande a dogon kwale-kwalenmu, ni a gaba, shi a baya, yadda muka saba tun aurenmu. Kogi ya kawo ruwa sosai. Muna shiga gangaren ruwan nan da ake kira Turmi sai na ji bayan jirgi ya yi sakayau. Na waiga, babu miji. Hular kwanonsa kawai na hango tana juyi cikin kumfa.

A littattafaina, daidai nan ne wani kyakkyawa yake ɓullowa a kan doki. Na dubi gaɓa, jakin Don Chema kaɗai na gani yana cin mangwaro. Sai na ja gwiwa zuwa tsakiyar jirgi na durƙusa, ban kuma san lokacin da filafili ya koma damana ba. Kawu, jirgin nan ya ji maganata! Inda na ce, nan ya bi. Na ratsa tsakanin duwatsun nan biyu, na lafe bayan babban dutse inda ruwa yake kwance, na jefa wa Rutilio igiya, na jawo shi kamar kifi.

Shekara huɗu ina tuƙi ta hagu, domin shi ta dama yake yi, kuma mutum biyu ba sa tuƙi gefe ɗaya. Shekara huɗu ana cewa matar Rutilio hannunta kamar dafaffiyar taliya. Har ni na yarda.

Ina son kwale-kwale na mutum ɗaya. Me kake da shi a shago?

Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka, Nereida

Xalapa, 13 ga Yuli

Nere,

Gwiwa tana nan, karnuka suna nan. Ki gai da uwarki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun saboda jakin.

Biyu nake da su. Akwai kore, dogo, mai faɗin ciki. Yana da haƙuri, yana yafe kuskure, yana ɗaukar ƙato kamar mijinki. Amma mara nauyi irinki in ta hau shi, ruwa ne zai riƙa yawo da ita, ba ita da ruwa ba. Akwai kuma ja, gajere, gindinsa a lanƙwashe kamar ayaba. Yana juyawa tun kafin ki gama tunani. Ba ya yafiya. Sati biyun farko za ki sha kogi har ki ƙoshi.

Ga abin da littattafanki ba su faɗa miki ba. Ba zama ake yi a ciki ba, durƙuso ake yi a kan sirdin soso, a ɗaure cinyoyi da maɗauri. Sirdin nan da jikin mai shi nake yanka shi, in manne shi da gam. Abin da wuƙa ta cire ba ya komawa. In na yanka jan daidai ke, Rutilio ko ƙafa ɗaya ba zai zura ba, kuma in kin gaji ba mai saye sai wata 'yar firit irinki.

Ki hau sikelin mai awon 'ya'yan kofi ki gaya mini nauyinki na gaskiya, ba na ranar biki ba.

Kawunki

Jalcomulco, 19 ga Yuli

Zuwa ga Don Fulgencio,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman afuwa da na rubuto ba da sanin matata ba.

Na ga wasiƙarka a cikin littafinta. Ina roƙonka ka ce mata an sayar da jan, ka aiko da koren. Kore kowa zai hau, zai kuma ɗauki tarko. Jan kuwa wasa ne, kuma wasan da ake mutuwa a cikinsa. Ni na shiga Turmi da kaina, na san abin da ke ƙarƙashinsa.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da na fara ganinta tana jifan mangwaro na san hannun dama ne ƙarfinta. Ni kuwa ko kaɗan ban iya tuƙi ta hagu ba, na gwada a ɓoye na kife. Shi ya sa na ajiye ta a hagu na yi shiru. In ta samu nata jirgin ba za ta dawo gaban nawa ba, kuma ban san yadda ake kallon kogi babu bayanta a gabana ba.

Ka rufa mini asiri.

Naka cikin ladabi,
Rutilio Landa

Xalapa, 24 ga Yuli

Nere,

Gaisuwa. Ga takardar mijinki na haɗo miki. Na yi wa mutane ƙarya a kan shekaruna da kuma girman kifi, amma ban taɓa yi a kan jirgi ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki muciya. Maganarsa a kan Turmi gaskiya ce.

Kawunki

Jalcomulco, 30 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa.

Na same shi a tsakar gida yana gyaran tarko. Na ajiye masa takardar a cinya.

Ya ce, "Tsohon nan ba shi da amana."

Na ce, "Shi ne ba shi da amana? Ranar da ƙanwarka ta ce a ba ni cokali maimakon filafili, kana wurin, Rutilio. Har da kai a masu dariya."

Ya ce, "Haba gimbiya, wasa ne."

Na ce, "Wasan shekara huɗu? Kafaɗata ta hagu har yau sai Mama ta gasa mini ita."

Ya ce, "To ni fa? Kin san abin da ake kirana a bakin gada yanzu? Kayan da Nereida ta tsinto."

Na ce, "Ai da ban tsinto ba, da yanzu ana maka addu'ar kwana tara."

Ya ajiye tarkon. Sai ya ce in na haƙura da jan zai bar mini baya, ni in riƙa juya jirgi, shi ya koma gaba ya koyi hagu ko da zai kife sau ɗari. Kawu, da ka ga fuskarsa. Da a littafi ne, nan ne zan faɗa ƙirjinsa a rufe shafi. Layin ƙarshe na wasiƙarsa na karanta shi ya fi sau goma, kuma ba a taɓa rubuta mini abin da ya kai shi daɗi ba, ko da yake ba ni aka rubuta wa ba.

Amma na lura da abu ɗaya. Ya fi son ya ba ni wurinsa da in samu nawa. Da na faɗa masa haka sai ya miƙe, ya ce ranar da na shiga Turmi a jan, kada in duba gaɓa, ba zai tsaya mini da igiya ba.

Na ce na taɓa dubawa ai, jaki na gani.

Tun ranar muna cin abinci kamar baƙi biyu a tasha. Ina tsoro, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron Turmi, ina tsoron shirun gidan nan.

A gai da karnuka.
Nereida

Jalcomulco, 3 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na hau sikelin mai kofi. Kilo hamsin da ɗaya, da takalmi. Rutilio bai sake cewa komai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Zan zo Asabar a motar safe. Ka wasa wuƙa. Jan nake so, ka yanka shi daidai ni.

'Yarka,
Nereida