Tsohon da Ya Dafa Mini Fure

Zuwa ga maigidana Tokuji, sanyin ruwan rijiyata, watana mai sanƙo, kabewata da ta fi kowace daɗi don ta daɗe a rumbu!

Canki wannan kafin ka ci gaba: mene ne yana da ƙusumbin jatan lande amma bai taɓa ganin teku ba, kowace shekara ya ƙara gaɓa ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, rana ta ƙona shi, ruwa da yawa ya ruɓar da shi?

Yau kwana sha ɗaya da ka yi fushi ka tafi gidan 'yarmu a birnin Sendai. Haba tsohona! Don na bi ka da ludayi? Ai ko taɓa ka bai yi ba. To me kake so in yi? Na farka na tarar ka tsinke tohon furena na gindin itacen sugi, ka zuba a miyar miso ta daddawar waken soya, wai ganyen urui da muke miya da shi ne ka samo mini. Urui mai yauƙi ina, wannan mai ɗaci, mai ganye naɗe-naɗe kamar mafici, ina? Amma wallahi na shanye kwanona bayan fitarka, ina tsaki ina hawaye, don hannunka ne ya dafa.

Ka manta kai ka kawo mini tushensa na farko daga bayan gidan mahaifiyarka, shekara hamsin da biyu ke nan, a cikin hularka, kana zufa kana kiransa albasa? Tun ranar zuciyata ta kwanta a inuwarka kamar yadda yake kwanciya cikin ruɓaɓɓen ganye.

Uku sun tsira daga tukunyarka, har sun yi kai. Da sun gama fure sai a raba tushen, kuma yatsuna sun ƙi. Wa zai riƙe mini almakashi a wuta don ya tsarkaka kafin a yanka tushen? Wa zai yi mini minshari bayan abincin rana? Gidan ya yi shiru har agogo na jin kunyar bugawa.

Dawo, zumata. Na ɓoye ludayin. Ko lambun duka ka dafa, ni taka ce har bayana ya gama lanƙwashewa.

Tsohuwarka,
Setsu

Amsar ita ce tushen ebine, wanda ka dafa mini tohonsa. Fure ne, ba a cinsa.