Tsagar mutumin cikin hoto

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar? Ina su Baffa da yara? Mu nan Madina lafiya lau.

Ranar Alhamis da safe na kai wasu ɗalibai a mota wani gidan tarihi da ke kan dutse, bayan Ƙuba. An jera hotunan baƙin da suka fara zama a unguwar. Na tsaya gaban hoton wani mai sayar da ruwa, sai mai gadin ya ce, "Miskin, shatin bulala ne a fuskarsa." Na ce a'a ya ammi, wato kawu da Larabci, tsagar Gobir ce. Na matsa na ƙirga a hankali: bakwai a kunci ɗaya, shida a ɗayan, da wata 'yar gajera bisa girar hagu.

Gwaggo, babanku da ya taho hajji a ƙasa bai koma ba, yana da wannan gajerar? Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san fuskarsa. Ki sa a rubuto mini, kafin nan ba zan ce shi ne ba.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Malam Sani ɗan Gusau, cikin ɗaliban, shi ma ya ƙirga. Abin da na samu shi ya samu.

Ɗanki,
Lawali